Daga Medelin zuwa Bagadin Romero

Cocin Katolika a Latin Amurka ya shafe ƙarnoni yana zaune a inuwar masu manyan gonaki da janar-janar. Manomin da bai mallaki ko taki ɗaya na ƙasa ba, in ya kai kukansa wurin fada, haƙuri ake ba shi, a ce ladansa na sama.

Al'amarin ya soma juyawa bayan babban taron Vatican na biyu, 1962 zuwa 1965. A 1968 bishop-bishop na yankin suka hallara a Medelin ta Kolombiya, suka fito fili suka kira talaucin da ya yi wa jama'arsu katutu da sunan zalunci, wanda aka dasa cikin tsarin mulki da na dukiya. A 1971 Gustavo Gutiérrez, fada ɗan Peru, ya fitar da littafin da ya raɗa wa tafiyar suna: tauhidin 'yantarwa.

Ni dai a ganina, ƙarfin tafiyar daga ƙauyuka da unguwannin bayan gari ya fito, musamman a Barazil. Maƙwabta kan taru da yamma a gidan ɗayansu, a buɗe Littafin Fitowa, a karanta labarin Musa da Fir'auna, sannan a tambayi juna wane ne Fir'aunan wannan gari. Kafin a tashi, zance ya koma kan rijiya da takardar gona da ladan masu yankan rake.

An biya wannan da jini. Da aka naɗa Oscar Romero babban bishop na San Salbado a 1977, masu mulki sun yi murna, don mai ra'ayin riƙau suka san shi. Ba a yi wata guda ba aka bindige amininsa, Fada Rutilio Grande, tare da wani dattijo da wani yaro. Daga nan Romero ya sauya. Kowace Lahadi wa'azinsa na fita ta rediyo, yana jero sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɓatar, iyaye mata kuwa sun kasa kunne ko za su ji na ɗansu. Ranar 23 ga Maris 1980 ya roƙi sojoji su daina bin umarnin kashe 'yan'uwansu. Washegari aka harbe shi a gaban bagadi, yana tsakar sujada.

Fadar Fafaroma a Rum ta daɗe tana ɗari-ɗari da tafiyar. A 1984 ofishin Kadinal Ratzinger a Vatican ya zargi wasu masu wannan tauhidi da aron tunanin gurguzu na Markis, a 1985 aka hana ɗaya daga cikinsu, Leonardo Boff, magana. Tsoron gurguzu ba abin rainawa ba ne a wancan zamani, amma ya sa an bar masu hidima a ƙauyuka ba majingini a lokacin da ake farautarsu, wannan kuwa abin takaici ne.

Sai a 2018 Fafaroma Francis ya ayyana Romero a matsayin waliyyi. Kafin nan talakawa da yawa sun riga sun koma majami'un Fentikos: Katolikan Barazil da suka haura kashi 90 cikin 100 a 1970, sun sauko zuwa kusan 65 a 2010.