Hanyar Gabas ta Darki: Yadda Takarda ta Shiga Tsakanin Dangi

Duk ranar Alhamis garin Darki, a ƙaramar hukumar Wudil, yakan cika ya batse da motocin hatsi da dillalai da masu awo. Amma titin da ya ratsa garin ya fi kasuwar dogon labari. Shi ne ya baro Kano, ya haye gadar Wudil, ya miƙe gabas har Maiduguri. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, gabas ɗin nan maniyyatan ƙasar Kano suke fuskanta idan sun ɗaura niyyar Makka. Tafiyar ce ta samar wa Kanawa dangi a Chadi da Sudan da Hijaz, dangin da a yau da yawansu sai da biza ake ganinsu, bizar kuma ba kullum take fitowa ba.

A da, mai niyyar hajji izinin iyayensa da addu'ar malaminsa yake nema. Zai biya bashi, ya bar wasiyya, ya bi gida-gida ana yafe-yafe, domin ba a sa ran dawowarsa nan kusa, wani ma sallamar ke nan. Ayari yakan bi ta Borno, ya tsallaka kogin Shari, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan har bakin Nilu, daga nan sai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai mutum rabin hanya. In ya ƙare sai a yada zango, a yi noma ko ɗinki ko koyar da karatun allo, a tara abin da ya samu a ƙara gaba. Tafiya takan ci shekaru, a yi aure a hanya, a haihu a hanya, a binne wasu a hanya. Sarakunan da ake ratsa ƙasarsu sukan karɓi fito ko gaisuwa, amma babu mai tambayar takarda mai hoto.

Shekarar 1903 ta ƙara wa wannan tafiya yawa. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Waɗanda suka tsira sun ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, mahajjata daga ƙasar Hausa da Borno suka zama ƙarfin ƙwadagon wurin. Da yawansu sun zauna da niyyar ƙarasawa Makka baɗi, har jikokinsu suka tashi da Larabci a baki da Hausa a gida.

Wannan kai-komo ne ya hana Turawan mulki barci. Tsoronsu Mahadiyya ce, da abin da alhaji zai kwaso a Sudan ya dawo da shi. A 1923 suka kama jagoran Mahadiyya Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, daga baya suka kai shi Kamaru. Sun kuma tura jami'ansu, irin su Palmer da Lethem, su bi sawun mahajjata su ga abin da ake ciki. A shekarun 1920 aka shigo da fasfon alhazai, da allurar rigakafi, da ajiye kuɗin dawowa, da zaman killacewa a Sawakin. Turawa sun ce kare talaka suke yi daga yunwa da masu sayar da mutane, kuma haɗarin gaskiya ne, tunda sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Sai dai wanda ya taka daga Kano da ƙafarsa ba shi da kuɗin ajiya. Dabarar da ta rage masa ita ce ya kauce wa Sawakin, ya gangara wajen Masawa, ya shiga ƙaramin jirgin ruwa ya haye a ɓoye. Tun daga lokacin matafiya suka kasu biyu, mai takarda da marar takarda, kuma talauci ne yake raba su.

A 1948 attajiran Kano uku, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da ake kira WAPA, wanda ya bar sunansa a unguwar 'yan canji ta Fagge. Manyan motoci suka maye gurbin jaki da ƙafa, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, daga baya jirgin sama ya mayar da ita ta sa'o'i. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, wadda NAHCON ta gada a 2006. Hanya ta yi sauƙi, ƙofa kuma ta ƙara tsukewa: kujera a ƙidaye, kwanaki a ƙidaye, ranar fita a rubuce.

Ziyarar dangi ta fi hajji shan wahala a wannan sabon tsari. Da arzikin mai ya buɗe a Saudiyya, dubban 'yan Arewa suka riƙa zuwa Umara su zarce, maza suna ƙwadago, mata suna aikatau da sayar da abinci, suka tarar da tsofaffin Takari da suka riga su zama a Makka da Jidda da Madina. Kasuwancin Kano-Jidda ya gina gidaje a birni da ƙauye. Amma dokar Saudiyya ta ce baƙon da zai gayyato mahaifiyarsa ko matarsa da bizar ziyara sai yana da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama. Wanda ya zarce ba shi da ita. In ya fito domin ganin gida, za a ɗauki hoton yatsunsa a hana shi komawa; in ya zauna, ba shi da ikon kiran kowa.

A wajen haihuwa aka fi jin zafin abin. Al'adar Bahaushe ce mai cikin fari ta koma gidan iyayenta goyon ciki, ko a turo mata tsohuwa ta zauna da ita har ta gama wankan jego. To ga 'ya a Jidda, wata ya kama, ga uwa a wani ƙauye na ƙasar Wudil. An sayar da tumaki a kasuwa, an je Kano an yi fasfo, an ba ejan kuɗi, tsohuwa ta daka yajin jego ta ɗaure kanwa da daddawa da kuka a leda. Sai a wayi gari ejan ya bugo waya ya ce biza ba ta fito ba. Ba a faɗin dalili, kuɗin da aka biya kuma sau da yawa ba ya dawowa. Abin da iyalai suke yi shi ne su nemi wani mai tafiya Umara su ɗora masa ƙullin kayan, a roƙi wata maƙwabciya Bahaushiya a can ta tsaya a matsayin uwa, ranar suna kuma a kira ta WhatsApp a nuna wa kaka fuskar jariri. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma duk wanda ya ga tsohuwa tana sa wa jikanta albarka ta gilashin waya ya san akwai abin da ya ragu.

Ko mai cikakkiyar takarda ma ba ya tsira kullum. A watan Satumba na 2012 hukumomin Saudiyya suka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya kimanin dubu a filayen jirgin Jidda da Madina, bisa cewa ba su da muharrami, aka dawo da ɗaruruwa. Wasu daga cikinsu tare da mazajensu suka tafi, amma sunan da ke fasfonsu bai zo ɗaya da na mijin ba, alhali mace a ƙasar Hausa sunan mahaifinta take riƙewa, kamar yadda addini ma ya tanada. Najeriya ta dakatar da jigila, Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa tawaga ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal, kafin aka sasanta. Shekara goma bayan haka, a 2022, Saudiyya da kanta ta sanar cewa mace tana iya zuwa hajji da Umara ba tare da muharrami ba. Matan da aka wulakanta a 2012 ba su aikata wani laifi ba.

A watan Nuwamba na 2023 kuma jirgin Air Peace ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano da fasinja 264. Da ya sauka Jidda aka soke bizarsu. Bayan jami'an Najeriya sun sa baki aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba domin a sami nau'in bizar da ba ta dace da matafiyan ba. Mutumin ƙauye da ba ya karanta boko ba shi yake cike fom ba, ba shi yake zaɓar nau'in biza ba. Ejan ne yake yi, amma matafiyi ake tiso wa ƙeya.

Kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta, wannan babu jayayya. Abin da ya rage a hannun gida shi ne a daina barin talaka a hannun wanda ba shi da rajista. NAHCON tana ba kamfanonin jigila lasisi, ya kamata sunayensu su isa masallatan Juma'a da gidajen rediyo da kasuwanni irin ta Darki, cikin Hausa. Wanda zai tura mahaifiyarsa ya tambayi wace irin biza aka nema mata, ya tabbatar sunan da ke fasfo shi ne a kowace takarda, ya karɓi rasit. Ya kuma sani cewa bizar ziyara ba ta ba mutum damar yin hajji, kuma idan lokacin aikin ya gabato Saudiyya takan hana masu riƙe da ita shiga Makka.