Daga Zugazugi Zuwa Injin Feƙe Ƙarfe: Tarihin Masu Aikin Ƙarfe a Jimeta

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani rabon gado ne da aka kira mu bayan babbar salla. Mamacin, Allah Ya jiƙansa, tsohon direban babbar mota ne. Da aka gama lissafin gida da gona, sai aka buɗe wani ɗaki da ke jikin zaure. A ciki akwai injin feƙe ƙarfe, da bayis, da injin huda, da magagarai jere a bango kowanne da ƙusarsa, ga kuma wani littafi cike da zane da awo, duk da ajami. Babu ko ɗaya daga cikin magada da ya san yadda ake tayar da injin. Kafin la'asar 'yan gwangwan sun iso da sikeli, suka saye shi da kilo. Haƙƙin magada ne, shari'a ba ta hana ba, mu ma mun sa hannu. Amma mun koma gida da damuwa, domin mun san abin da aka ɗora a kan sikelin nan ya daɗe yana yi wa unguwa aiki.

Kakanninmu ba su tarar da ƙasar nan babu maƙera ba. Tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, mutanen duwatsu suna narka tama. Mutanen Sukur da ke ƙasar Madagali sun shahara da ƙarfe, suna sayar da shi har nesa, kuma murahun narkar da tamarsu na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Mutanen Vere da ke kudu da Yola kuwa gwanaye ne wajen zubin tagulla. Da Yola ta zama fadar Lamiɗo, sai fatake da malamai da masu sana'a daga Kano da Katsina da Barno suka riƙa kwararowa. Maƙerin Bahaushe ya zo da kayansa a buhu: uwar maƙera, masaba, awartaki da zugazugi. Maƙeran baƙi suna yin fartanya, gatari, lauje, mashi, linzami da likkafa, maƙeran fari kuma suna yi wa mata awarwaro da zobe. Ƙasa ce ta dawaki da noma, saboda haka aiki bai taɓa yanke musu ba.

Kogin Binuwai ne ya fara kawo mana inji. A ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ruwa masu tururi na kamfanin Royal Niger suka soma zuwa, kuma ta kogin nan sojojin Ingila suka iso suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin. Daga nan Jimeta, wadda take bakin ruwa, ta fara girma. Kamfanoni irin su John Holt da UAC suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya, jirage suna kawo gishiri da yadi da kananzir, suna kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Sunayen unguwanni kamar Limawa da Alƙalawa da Gwadabawa sun isa su nuna wa mai karatu su wane ne suka cika garin a wancan zamani.

To, a nan akwai abin da ya kamata matasanmu su fahimta. Jirgi ba ya iya hawowa sai ruwa ya cika, watanni kaɗan ne cikin damina. Layin dogo kuma bai taɓa zuwa Yola ba, ya bi ta Gombe ne ya isa Maiduguri a 1964. Ke nan idan wani ƙarfe ya karye da rani, ko dai a jira shekara ta zagayo, ko a kama doguwar hanya zuwa Jos ko Kano, ko kuma a ƙera shi a nan. Wannan nisa shi ya tilasta wa iyayenmu koyon ƙira irin ta zamani. Maƙeri ya daina jiran tama, ya koma ga sifirin mota da gangar mai. Daga sifirin yake fitar da wuƙa da adda, daga ganga yake yanka kasko da murhu da kwanon awo. Yaran da suka yi aiki a garejin ma'aikatar ayyuka da na kamfanoni suka koyi walda, da awo da inci, da yanka zaren noti.

Ga wanda bai taɓa ganin injin feƙe ƙarfe ba, ga yadda yake. Ana ɗaure sandar ƙarfe a bakinsa tana juyawa, sai a matso da wata 'yar wuƙa mai tauri tana shafto ta kaɗan-kaɗan har ta kai kaurin da ake so. Da shi ake yin shaf, da bushi, da fuli, da kusoshi masu zare. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yana iya hana boris zama a mazauninsa. Shi ya sa masu wannan aiki ba su da garaje, kuma za ka ga sun auna sau biyu ko uku kafin su yanka.

Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola hedikwata, injuna suka ƙaru: motocin gwamnati, taraktoci, injinan niƙa a kowace unguwa, da injinan ban ruwa na manoman rani a Geriyo. A 1981 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya, wadda yanzu take ɗauke da sunan Modibbo Adama. Sai kuma 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, darajar naira ta faɗi, kayan gyara na waje suka fi ƙarfin talaka. Mu da muke kasuwa a lokacin muna yaran shago mun ga yadda mai mota zai zo ya tambayi kuɗin sabon ƙarfe, ya girgiza kai, ya naɗe karyayyen a tsumma ya nufi wajen mai feƙewa.

A cikin waɗannan shekaru ne aka samu irin mutanen da marigayin nan yake cikinsu. Ba sana'arsu ba ce, kowa da abin da yake ci da shi: wannan direba, wancan malamin makaranta, wani ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya. Sha'awa ce kawai ta sa suke tara 'yan kuɗi su sayi tsohon inji in an yi gwanjo, su kafa shi a zaure. Bayan la'asar sai ka gan su a ƙofar gidan ɗayansu, kowa ya zo da abin da ya haɗa. Mun ga injin ɓare masara da aka yi da injin tsohon babur. Mun ga keken guragu da aka haɗa da bututun ruwa aka ba wani almajiri kyauta. Mun ga farfelar kwalekwale da aka gyara wa masunta. Ana dubawa, ana gardama, wani ya ce, "Malam, wannan shaf ɗin naka ya yi rawa," mai shi ya yi dariya ya koma da shi. Famfon masallacinmu ma sau nawa suka tashe shi ba su karɓi ko sisi ba.

Irin wannan sha'awa ba a Jimeta kaɗai take ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gida da injin mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗan tashi sama. Wanda ya je Panteka a Kaduna kuwa ya san abin da hannun mutanenmu yake iya fitarwa.

Yau abubuwa uku ne suka taru a kan wannan gado. Na farko wuta: injin feƙewa yana son lantarki mai ƙarfi, man janareta kuma ya yi tsada, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Na biyu kayan Sin masu araha, waɗanda in sun lalace jefarwa ake yi. Na uku kuma, wanda ya fi ciwo, mu ne da kanmu. Muna hana 'ya'yanmu aikin da ke baƙanta hannu, alhali a cikin Alƙur'ani akwai sura guda mai sunan ƙarfe, kuma Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sulke yake ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa. Yaro ya gama sakandare yana zaune a gindin bishiya, ga tsoho da ilimin shekara arba'in a lungu ɗaya da shi, ba wanda ya haɗa su.

Saboda haka ga shawararmu. Dattawan da ke da irin waɗannan injuna su sani shari'a ta ba mutum damar yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba, kuma yana iya mayar da injin waƙafi tun yana da rai. In kuma an zo rabo babu wasiyya, kwamitin unguwa ya taya injin da kuɗin da ya fi na sikeli, don kada a tauye marayu. A samu ɗaki guda kusa da Islamiyya a ajiye, tsofaffin da suka rage su riƙa koyar da yara ranakun Alhamis da Juma'a. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, masu ilimin nan kuwa kullum raguwa suke yi.

Littafin ajamin marigayin bai hau sikeli ba. Babban ɗansa ya ba mu amanarsa, yana nan a wajenmu. Duk wanda ya iya karanta awon da ke ciki, ko yake son koya, ya same mu a masallaci bayan magariba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a hannun 'ya'yanmu, amin.