Mai Hayaƙi: Babur ɗin da Ya Raini Makanikan Bauchi

Duk makanikin babur a garin Bauchi da furfura ta fara fito masa, a kan inji mai hayaƙi ya koyi sana'a. Shi ne injin da yake shan fetur haɗe da man tuti, fistin ya hau sau ɗaya ya sauka sau ɗaya wuta ta tashi. Ba shi da bawul, ba shi da sarƙar tamin, ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasa. Ramuka ne kawai a jikin bulok, fistin na rufe su yana buɗewa. Wannan sauƙin ginin shi ya sa yaro ɗan shekara 12 zai iya ganin cikin inji gaba ɗaya a wuni guda, ya kuma fahimci dalilin kowane ƙarfe da ke ciki. Ni ma ta wannan ƙofar na shiga, kuma ina ganin har yau ba a yi makarantar da ta kai ta ba.

Maigidana da ya koya mini aiki yakan fara lissafin sana'ar ne daga kuɗin Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara wa ma'aikata albashi aka kuma biya su ariyas, sai malamin makaranta da akawu da ma'aikacin asibiti suka ajiye keke suka nufi kantin babura. Ba a daɗe ba, a watan Fabrairun 1976, Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Bauchi. Garin ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Maiduguri, aka shiga gine-ginen sakatariya da gidajen gwamnati, kamfanin Steyr ya kafa masana'antar haɗa taraktoci da manyan motoci. Kowa na bukatar abin hawa, mota kuwa sai manya. A lokacin, a Legas ake haɗa yawancin baburan: Boulos na haɗa Suzuki, John Holt na da Yamaha, Honda kuma ta kafa tata masana'antar a Ota a 1979. Honda dai ba ta hayaƙi, ita ce ta masu son shiru. Amma Suzuki da Yamaha da Vespa duk 'yan tuti ne. Vespa ta zama ta alhazai da malamai, don babbar riga ba ta kama sarƙa kuma ba ta shafar maiƙo. Masu gyaranta ma sun ware kansu tun farko, har yau makanikin Vespa ba ya yarda a kira shi makanikin babur kawai.

Babur mai doguwar ƙafa, wanda a ƙasashen Turai da Amurka ake tsere da shi a kan tudu da laka, mu aiki ne ya kawo mana shi. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya sa hannu a shirin bunƙasa noma na Funtua da Gusau da Gombe, lokacin Gombe ba ta rabu da mu ba, sannan a 1981 aka faɗaɗa shirin ya game jihar baki ɗaya da sunan BSADP. Malamin gona dole ya isa ƙauyen da mota ba ta zuwa. Wanda ya san hanyoyin bayan Dass da Tafawa Ɓalewa, ko duwatsun Toro, ko yashin ƙasar Ningi da damina, ya san ƙaramin babur na cikin gari ba zai yi wata uku a can ba. Nan Yamaha DT da AG100 suka nuna kansu. Asalin DT ya fito a Japan a 1968, mai cc 250, daga baya aka yi ƙannensa 125 da 175, masu tayar gaba inci 21 da salansa a ɗage don kada ruwan rafi ya shiga. AG100 kuwa don manoman Ostireliya da Niyu Zilan aka ƙera shi a farkon shekarun 1970, an rufe masa sarƙa ruf, an ba shi kariya gaba da baya, giyarsa ta ɗaya tana jan kaya a hankali ba tare da inji ya mutu ba. Ma'aikatan rigakafi da masu aikin dabbobi da 'yan mishan na ƙauyuka duk suka rungume shi.

Akwai abin da na daɗe ina jin haushinsa a kan salansar DT. Kumburin nan da ke tsakiyarta, wanda masu walda suke yankewa su liƙa bututu miƙaƙƙe idan ta ruɓe, rabin ƙarfin injin yana cikinsa. Wani injiniyan Jamus ta Gabas mai suna Walter Kaaden, na kamfanin MZ, shi ya gano yadda za a auna wannan kumburi ta yadda ƙarar da ta fita za ta dawo ta tura ɗanyen man da ya tsere ya koma cikin bulok kafin fistin ya rufe rami. A 1961 ɗan tserensa, Ernst Degner, ya gudu zuwa Yamma ya koma Suzuki da wannan ilimi, a 1962 kuma ya ci gasar duniya ta cc 50. Daga nan Japanawa suka ɗauka. Wato abin da aka yi rikicin ƙasa da ƙasa a kansa shi ne wani zai sa zarto ya yanke don ya rage kuɗin walda, sannan ya dawo yana cewa babur ya daina ja.

Lokacin da sana'ar ta kai ƙololuwa shi ne lokacin da ƙasa ta shiga wahala. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin ma'aikaci. Wanda yake da tsoho sai ya riƙe shi da hannu biyu. A shekarun nan ne muka zama masu gyara na gaske, domin ba a jefar da komai. Bulok ya cinye, a kai shi borin: daga standa a koma oba-saiz na farko, 0.25, sai 0.50, sai 0.75, sai 1.00. Idan an ƙure wannan, a sa masa silif a koma standa, rayuwa ta sake farawa. Bayan borin kuma akwai aikin da ba a rubuta a takarda ba: makaniki ya zauna da ƙaramin fayil ya kashe kaifin bakin kowane rami, in ba haka ba ringi zai kama bakin ramin salansa ya karye tun kafin mai babur ya kai Gidan Mai. Kiranshaf ma ba a sayen sabo. A kai shi wurin mai faras, a raba shi biyu, a sa sabon kwanrod da fil da boris, a haɗe, sannan a ɗora shi a kan ma'auni ana juyawa ana ɗan bugunsa da gudumar tagulla har ya daidaita. Wanda ya iya wannan a gari ba su da yawa, kuma kowa ya san su. Kaya kuwa daga Kano muke ɗaukowa, ko a Panteka ta Kaduna, ko hannun 'yan Nnewi da suka fara shigo da kayan Taiwan. Mun iya bambance fistin ɗin Japan da na jabu tun daga nauyinsa a tafin hannu.

Maigidana ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya iya sauraro. Za a tayar da babur ya ce, "Kai, me ka ji?" In ka ce, "Oga, ringi ne," ya ce ka sake ji. Ƙarar ringi daban, ƙarar ƙaramin boris na kan kwanrod daban, gurnanin boris na kiranshaf daban. Akwai kuma cutar da ta fi kashe injin tuti, wadda ba ta da ƙara sosai: oyil sil na gefen magneto ya bushe, iska ta riƙa satar hanya tana shiga, mai ya yi ƙaranci, inji ya riƙa tashi da kansa ba a murɗa ba, zafi ya ƙaru, rana ɗaya fistin ya narke ya manne a bulok. Makanikin da bai gane ba zai yi ta juya sukurun kafireta, ya canza filogi, ya karɓi kuɗi. Wanda ya gane zai cire filogi ya dubi launinsa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In ya yi fari fat, a sauke inji yau, kada a jira gobe.

Sai zamanin Jincheng ya zo. Kamfanin na birnin Nanjing ne a ƙasar Sin, babur ɗin kuma kwafin Suzuki AX100 ne, mai tuti shi ma. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya mamaye Wunti da Muda Lawal da Yalwa da kowace mahaɗa, acaba ta zama sana'ar duk matashin da bai sami aiki ba, 'yan siyasa na raba babur ɗin lokacin kamfe. Gaskiya mun ci abinci a lokacin, gareji ba ya rabuwa da layi. Amma a nan ne aikin ya fara lalacewa, kuma da hannun 'yan sana'armu a ciki. Tun 1964 Yamaha ta fito da famfon da ke auna wa inji mai daidai da gudunsa, Suzuki ma ta yi nata. Sai aka wayi gari makanikai na cire famfon, wai ba shi da tabbas, ɗan acaba ya riƙa zuba mai a tanki da ido. Da ma man tuti na ƙwarai ne da sauƙi. Baƙin man mota ake zubawa, wani ma wanda aka juye daga injin wata motar. Hayaƙin da ya riƙa turnuƙe shataletalen Wunti da yamma, har idon mutum na yaji, yawancinsa daga nan ya fito. Jama'a suka ɗora wa injin laifi, alhali injin da aka ba shi man da ya dace a ma'aunin da ya dace hayaƙinsa siriri ne. Ga kuma araha, wadda Hausawa suka ce ba ta ado: da bulok da fistin da ringi na Sin a kwali ɗaya suka zo ƙasa da kuɗin borin. Wa zai jira mai borin kwana biyu? Yaran da suka shigo gareji a wannan zamani sun tashi sun iya kwancewa da ɗaurawa, amma ba su taɓa auna tazarar bakin ringi ba.

Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya ƙarasa zancen. Ba ya son tuti, ba ya shan fetur kamar Jincheng, yana ɗaukar mutum uku da buhu. Ɗan acaba lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne. Bayan haka dokoki suka biyo baya: Maiduguri ta hana acaba a 2011, Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Bauchi kuma a 2020 lokacin korona, a mulkin Gwamna Bala Mohammed. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sauran masu hayaƙin da ke yawo a gari su ma aka jingine da yawansu a zaure.

A waje ma haka ta faru da baburan tsere. Yamaha ta fito da YZ400F marar tuti a 1998, Doug Henry ya ci gasar Amurka da shi a shekarar, sauran kamfanoni suka bi, Honda ta daina ƙera CR250R bayan 2007. Sai dai su can ba su watsar da tsofaffin ba. Yamaha na ƙera YZ125 da YZ250 har yanzu, KTM ta ƙasar Ostiriya ma na yin nata, kuma tsohon DT da aka gyara tsaf kuɗi ne mai kauri a Turai da Amurka da Japan. Mutum zai yi shekara yana neman murfin gefe na asali. Mu kuwa a nan ɗan gwangwan ke zuwa da sikeli ya auna DT sukutum, ya biya kuɗin ƙarfe, a farfasa shi a loda a mota. Na ga firam lafiyayye, lambarsa ba ta goge ba, ana saran sa da gatari don ya shiga buhu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Tayar da irin wannan babur ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya yi haƙuri. Abin da na fi dubawa kafin komai shi ne firam: in bai tanƙware a wuya ba, tsatsa kuma ba ta cinye ƙasansa ba, sauran duk mai yiwuwa ne. Inji a raba shi biyu ko da mai shi ya rantse lafiyarsa ƙalau aka ajiye, domin robar sil ba ta shekara goma a zaune ba ta bushe ba. A sa sabbin boris da sil, a duba ƙananan faifan rid da ke bayan kafireta ko sun tsage, a ƙona salansa a kakkaɓe gawayin da ya toshe ta. Kibiyar kan fistin ta dubi ramin salansa. Famfon mai a wanke shi, a fitar masa da iska, a mayar da shi wurinsa. Tanki in ya yi tsatsa a wanke cikinsa sosai kafin a yi zancen fenti, don fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake shi masu babur suka fi ɗokin gani. Bayan an tayar, a bi shi a hankali na tankin mai biyu ko uku kafin a buɗe masa wuta. Kayan DT da AG ba su ɓace ba, domin Yamaha ta daɗe tana sayar da su a Afirka bayan ta daina a Turai, ana samu a Kano da Kaduna da Jos in an san wanda za a tambaya.

Abin da ke ƙarewa shi ne mutanen. Masu faras da masu borin da suka yi mana aiki a zamanin SAP sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, injinansu na nan a rufe a shaguna ƙura ta lulluɓe. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta makanikan babura su nemo waɗanda suka rage, a tura musu yara ko da biyu-biyu ne daga kowane gareji, a biya su ladan koyarwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su ma suna da ɗaliban injiniya da za su amfana da zama kusa da waɗannan dattawa. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon DT ko AG ko Vespa na mahaifinka a jingine a zaure, kada ka kira ɗan gwangwan. Ka cire filogi ka ɗiga ɗan mai a ramin, ka rufe shi daga ruwan sama, ka nemi tsohon makaniki ya zo ya duba shi kafin ka yanke shawara.