Zarton Ɗamara da Tarihin Ƙurarsa

Cikin injunan da kafintoci suka gada daga Turai, kaɗan ne asalinsu ya kai na zarton ɗamara sauƙin fahimta, wato siririn ƙarfen nan mai haƙora da aka haɗe bakinsa biyu ya zama da'ira, aka ɗora shi bisa wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana ta zagayawa ba ya komawa da baya. Wani mutumin Ingila, William Newberry, shi ya karɓi takardar mallakar wannan hikima a 1809, amma ba ta amfane shi ba, domin mahaɗin ƙarfen ba ya jure lanƙwasa, da an fara aiki sai ya tsinke. Haka al'amarin ya zauna har 1846, sa'ad da wata Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta samo dabarar walda mai ƙarko, ta sayar wa kamfanin Perin na birnin Paris, daga nan injin ya bazu.

To, duk ijtihadin waɗannan magabata a kan yanka ya tsaya, babu wanda ya tambayi inda garin katakon zai nufa. Alhali kuwa shi wannan zarto, bisa ga yadda aka halitta shi, mai watsa gari ne. Kowane haƙori idan ya ciji katako sai ya cika ramin da ke gabansa da gari, ya ratsa da shi ta tsagar tebur zuwa ƙasa, ya zubar da galibinsa nan ƙarƙashin tebur wajen maƙallan da ke riƙe ƙarfen, ragowar kuma ya tafi da ita kan wilin ƙasa, inda take cakuɗewa da ƙaron itace ta daskare bisa robar wilin har zarto ya riƙa karkacewa yana barin layi; shi kuma wilin, saboda saurin juyinsa, ya zama fanka, yana hura mafi laushin garin ta kowace kafa zuwa fuskar mai aiki. Shekara da shekaru maganin wannan bai wuce tsintsiya da yaron shago ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sa iska ta yi wannan shara ba ma kafinta ba ne. Benjamin Sturtevant, Ba'amurke, baduku ne da ya ƙago injin fere ƙusoshin itace na kafa takalmi, da ƙurar ta addabi ma'aikatansa a Boston cikin shekarun 1860 sai ya ƙera fankar da ke zuƙe ta, har daga bisani cinikin fankar ya shafe na ƙusoshin. Amma abin da ya farkar da masu masana'antu na haƙiƙa wuta ce. Ranar 2 ga Mayu 1878 ƙurar fulawa ta kama da wuta a babban injin niƙa na Washburn a Minneapolis, ginin ya tarwatse, mutum 18 suka rasu. Aka tabbata cewa gari mai laushi, na alkama ne ko na itace, idan ya cika iska ya gamu da tartsatsi, hukuncinsa hukuncin albarushi ne. A 1885 John Finch ya sami takardar mallakar matarar ƙura wadda iska ke shiga tana juyi kamar guguwa, mai nauyi ya bi bango ya rabu da iskar. Masu niƙa suka fara, masu katako suka bi sawu.

A ganina nan ne aka yi tuya aka manta da albasa. An kare gini daga gobara, an kare inji daga toshewa, amma huhun ma'aikaci sai da ya yi dogon jira, ko da yake tun 1713 likitan nan na Italiya, Ramazzini, ya riga ya ambaci wahalar da masu zarto ke sha a ido da hanci. A 1965 likita Ronald Macbeth ya bayyana cewa wani irin ciwon dajin kogon hanci, wanda samunsa nadiri ne cikin jama'a, ya yawaita ga masu ƙera kujeru na High Wycombe a Ingila. Sai a 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. Illar kuwa tana ga ƙurar da ido ba ya gani sai cikin hasken taga, wadda ke ratsa buhun matara ta komo ɗaki.

Masu ƙera ƙananan injunan shago, da suka waiwayi matsalar, galibi sai suka huda kafar bututu can gindin akwatin wilin ƙasa, nesa da inda garin ke zuba. Kafintoci ne da kansu suka gyara: su kewaye ƙarƙashin tebur da ɗan akwatin falanki, su kai bakin bututu mai faɗin inci huɗu daidai maƙallan ƙasa, su kafa ɗan buroshi yana goge robar wili, su bar wata kafa da iska za ta shiga, domin akwatin da aka toshe ruf ba ya zuƙa.

A ƙasarmu, tun daga masana'antar katako ta Sapele har zuwa Okobaba a Legas, inda aka daɗe ana ƙona tulin garin ko a tura shi cikin ruwa, ba a cika ganin bututu a jikin zarto ba. A 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano garin haja ne, ana ɗura shi a buhu, masu kiwon kaji su saya don shimfiɗa, mata su danƙara shi a murhu. Mai yanka kuwa ya ɗaure hanci da ƙyalle, da yamma ya sha madara wai ta wanke ƙirji, alhali madara ciki take zuwa, kuma ƙurar loko da ta obeche, waɗanda ake yankawa kullum, likitoci sun san su da jawo asma.