Guringuntsi: Yadda muhallin ƙwayoyinsa ke raya su ko hallaka su

Guringuntsin gaɓa shi ne farin abu mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa a gwiwa da ƙugu da sauran gaɓoɓi. Kaurinsa a manyan gaɓoɓi kan kai milimita 2 zuwa 4. Ba shi da jijiyoyin jini, don haka daga ruwan gaɓa abinci da iskar oksijin ke tsatsowa zuwa cikinsa.

Ƙwayoyin halitta iri ɗaya ne kawai a cikinsa, masana na kiransu kondirosayit, kuma ba su kai kashi 5 cikin 100 na girmansa ba. Saura duka wani muhalli ne da su ƙwayoyin ke ƙerawa: zarurrukan kolajin nau'i na 2 masu ba da ƙarfi, da sinadarin agirikan mai riƙe ruwa. Ruwan ya kai kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na nauyin guringuntsin, shi ke sa ya jure dannawa.

Kowace ƙwaya na zaune cikin siririn kube mai yalwar kolajin nau'i na 6, wanda ke rage mata ƙarfin bugu. A jikinta akwai ƙugiyoyin furotin da ake kira intagirin, da su take riƙe da muhallin. Muddin riƙon na nan, saƙon ci gaba da rayuwa na isa gare ta. Idan ya suɓuce, sai ta kama hanyar kashe kanta a tsare, abin da aka raɗa wa suna afoftosis a 1972.

A cutar amosanin gaɓɓai, sinadaran kumburi na tunzura ƙwayoyin su fitar da masu narka muhallin: MMP-13 na yanka kolajin, ADAMTS-5 na yanka agirikan. Muhallin na lalacewa, ƙwayoyin na mutuwa; suna mutuwa kuwa, babu mai gyara, sai ɓarnar ta ƙaru. Tun a 1743 likitan Birtaniya William Hunter ya lura cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa daidai.

Amma ba kowace mutuwar ƙwaya ce cuta ba. A bakin dogayen ƙasusuwan yara, ƙwayoyin guringuntsi kan kumbura, da yawansu su mutu, ƙashi ya maye gurbinsu. Ta haka yaro ke yin tsawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ke fama da wannan amosani a 2019, kuma gwiwa ya fi kamawa. Matsakaicin motsa jiki na tura ruwan gaɓa cikin guringuntsi ya ciyar da ƙwayoyin, yayin da ƙiba da mummunan rauni ke gaggauta ƙarewarsu.