Wuri, Anini Da Kirifto A Kasuwar Birnin Zariya

Kalmar nan "kuɗi" a asalinta jam'in "wuri" ce, abin da yawancin masu furta ta yau suka manta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa ne a zamanin Sarki Sharefa, watau tsakanin 1703 da 1731. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, da shi ake saye da sayarwa a kasuwar birnin Zariya, da shi ake biyan sadaki, da shi kuma manomin Zazzau yake biyan kuɗin galma, marini ya biya kuɗin karofi. Wuri 20,000 shi ne keso guda.

Me ya sa jama'a suka amince da ƙwanson wata 'yar halittar teku wadda ba su taɓa gani da rai ba? Dalili shi ne babu mai iya ƙera shi. Sarkin Zazzau kansa ba shi da maƙerar wuri; sai dai ya karɓa daga hannun talakawa da fatake. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya yake fitowa, kuma wahalar tafiyar ita ce ta tsare darajarsa. Amma a nan ne rauninsa yake, domin bakin buhun yana hannun mutanen da Bazazzagi bai sani ba. Daga wajen 1845 kamfanonin Jamusawa na Hambag suka shiga jido wani wurin mai araha daga gaɓar Zanzibar, suna zubawa a Ikko da Wida. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala guda ta azurfa. Kafin ƙarshen ƙarnin sai an kusa ninka haka. Wanda ya fara kashe sabon wurin a bakin teku ya sayi manja da araha. Tsohuwar da ta binne nata a tukunya a Ƙofar Gayan ita ta biya bambancin, ba tare da an shawarce ta ba.

Turawa sun kama Zariya a 1902, sa'an nan a 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri. Aka kawo kobo da anini masu huji, aka yi ta matsa wa mutane su biya haraji da su. Sunan "ɗari" da aka laƙaba wa rabin kobo shaida ce ta canjin da aka yi da wuri. Sai dai sabon kuɗin ya fara faɗawa ne hannun soja da leburori da malaman ofis da kamfanoni, kuma mai haraji a wuya ba ya ja da mai canji.

Wannan tsohuwar tambaya, wa ya fara samu kuma wa ke iya ƙarawa, ita ce Bitcoin ya yi da'awar warwarewa a watan Janairu na 2009. Wanda ya ƙirƙiro shi, mai ɓoyayyen suna Satoshi Nakamoto, ya ƙayyade cewa ba zai wuce miliyan 21 ba, bai sayar wa kowa a gaba ba, ya kuma buɗe ƙofar haƙa ga duk mai kwamfuta. Lalle wannan ya fi tsarin wuri, tun da kowa na iya duba lissafin. Duk da haka manazarta sun ƙiyasta cewa shi kansa ya haƙi kimanin miliyan guda lokacin da duniya ba ta farga ba, yau kuwa haƙar ta koma hannun masu manyan injuna da lantarki mai araha, abin da mazaunin birnin Zariya yake ji a labari. Ethereum ma bai ɓoye ba: ran da aka buɗe shi a 2015 akwai kusan miliyan 72, an sayar da 60 tun 2014, an keɓe 12 ga waɗanda suka kafa shi da gidauniyarsu.

Abin da samarin Babban Dodo da Ƙofar Doka suke kira "mainin" a wayoyinsu wani abu ne dabam. A 2024 sun yi watanni suna dangwala allon Hamster Kombat, alhali kuwa dangwalen bai tsare littafin lissafin kowa ba. Kamfanin ne kaɗai ya yanke kason kowa. Da aka yi rabon a watan Satumba, da yawa daga cikinsu abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba.