Shafukan Baya: Yadda Marubutan Soyayya Suka Yi Wa Kansu Jarida

Tun daga farko, rubutun ƙagaggun labarai na boko a ƙasar Hausa hukuma ce ke riƙe da linzaminsa. Gasar da Dr. R. M. East ya shirya a 1933 ita ce ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma duk wanda ya rubuta littafi a zamanin nan Zariya yake aikawa, ya zauna jiran amsa. Haka aka tafi har aka rufe NORLA a 1959, aka kafa NNPC a 1966. Marubuci ya san edita, amma bai san ɗan'uwansa marubuci ba.

Abu biyu suka sāke wannan hali. Shirin ilmin firamare na kowa da kowa, wanda aka fara a 1976, ya yawaita masu iya karatun Hausa, musamman mata. Sa'an nan tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. To, sai samari da 'yan mata suka shiga kai labarunsu ƙananan maɗaba'u na Kano da kuɗin aljihunsu, su ɗauko su kai wa masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1987, yana cikin na farko-farko.

Wajen ƙarshen shekarun nan aka kafa ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da ita Balaraba suke cikin shugabanninta. Sunan ma abin dubawa ne. An gutsuro shi daga karin maganar nan, raina kama ka ga gayya, watau rabin farko aka faɗa, aka bar wa mai raini ya ƙarasa da kansa. Akwai kuma Kukan Kurciya, ita ma da rabin karin magana ta yi suna.

Ƙungiyoyin nan ba su jira sun sami abin buga mujalla ba, littafin kansa suka mai da jarida. In mai karatu ya gama labari ya juya shafi, sai ya tarar da jerin littattafan 'yan ƙungiya da sunayen mawallafansu, da waɗanda ke tafe, wani lokaci har da hoton marubutan a jere. Marubuci yakan sa adireshinsa, masu karatu kuwa su yi ta aiko da wasiƙu, wani ya yaba, wani ya yi fushi da yadda aka ƙare labari. Yarinyar da ke sha'awar rubutu a Gusau ko Haɗeja a nan take koyon irin labarin da ke tashe, da wanda za ta tuntuɓa. Lalle wannan makaranta ce, ko da yake ba wanda ya kira ta haka.

Masana dai ba su yi mata maraba da wuri ba. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, bisa misalin na Onitsha, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu, Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme suna cikin masu kāre su. Amma gardamar a kan tarbiyya da ingancin labari ta tsaya, shafukan baya ba su sami mai kula ba sosai.

Wannan kuwa hasara ce ga mai tarihi. Da yawa daga littattafan ba su ɗauke da shekarar ɗab'i, saboda haka jerin nan ne ke nuna wanda ya riga wani fitowa: littafin da aka ambata cikin masu zuwa a nan, aka sa shi cikin waɗanda suka fito a can, ya bayyana matsayinsa. Ga shi takardar mai araha ce, kuma shafin ƙarshe shi ke fara yagewa a hannun masu aro. Ɗalibin da ya nemi kammalallen kwafi yau, mai yiwuwa sai ya dangana da tarin da Graham Furniss ya haɗa a SOAS ta London.